Ni Ke Ba Da Umarni, Sunan Oga Ke Fitowa: In Sayar Da Filina In Yi Nawa Fim?

Assalamu alaikum Malam. Don Allah a sakaya sunana. Shekarata 32, ina zaune a Kano da matata da 'ya'yanmu biyu. Tun ina ɗan shekara 19 na shiga harkar fim ta hannun wani darakta da ake ji da shi. Na fara da ɗaukar fitila da naɗe waya, na koma kwantiniti, wato mai lura da daidaiton kaya da tsari daga ɗauka zuwa ɗauka, yanzu shekara biyar ke nan ni ne mataimakinsa. Bawan Allahn nan ya yi mini halacci. Na ci a gidansa, na kwana a ofishinsa, lokacin aurena ma shi ya haɗa mini rabin lefe.

Damuwata ita ce, zango biyu na ƙarshe na fim mai dogon zango da muke yi, kusan duk ni na ba da umarninsu. Oga yana riƙe da ayyuka uku a lokaci ɗaya. Yakan leƙo lokeshan da safe, ya duba takarda, ya ce "ai ka san abin da nake so," ya shiga mota. Amma a allo sunansa ne kaɗai darakta, ni kuma sallamar mataimaki ake ba ni. Kwanaki ina zaune wurin mai shayi wasu samari suna ta yabon wani sin da uwa ke wa 'yarta faɗa tana tankaɗen gari ba tare da ta ɗago kai ba, suna cewa wane ya iya aiki. Ni na tsara wannan sin ɗin, oga ko garin ba ya nan ranar. Na kasa ƙarasa shayin.

Yanzu wani furodusa ya yi mini tayin in ba da umarnin sabon fim mai fitowa 13 da za a sa a tasharsa ta YouTube, da sunana. Sharaɗinsa in kawo rabin kuɗin aiki, ba sallama, sai dai mu raba riba. Ba ni da kuɗin sai in na sayar da filin da na gada daga mahaifinmu, inda nake burin yin gini mu bar haya. Hajiyarmu ta ce muddin tana raye ba za a sayar da ƙasa a zuba a wasan kwaikwayo ba. Matata ba ta hana ba, amma ta yi wani irin shiru da na san ma'anarsa, don dama ta gaji da kwanakin da nake yi a lokeshan da surutan maƙwabta. Ga kuma oga, ina tsoron ya ce na yi masa butulci. Furodusan ya ba ni zuwa ƙarshen wata. Malam, in na bar wannan dama ta wuce, anya ba zan tsufa ina yaron wani ba?

Wa alaikumus salam, ƙanina. Na karanta wasiƙarka a tsanake, kuma na ji zafin abin da ya same ka a teburin mai shayin nan. Kar ka zargi kanka da hassada ko girman kai. Mai kamara yana da kamararsa, edita yana da kwamfutarsa, jarumi fuskarsa ke sayar da shi, shi kuwa darakta ba shi da wani jari sai sunan da ke fitowa a allo. Da sunan furodusa na gaba zai neme shi, da shi kuma zai yi cinikin sallama. Wanda ya yi aikin zango biyu sunansa bai fito ba, abin da ya rasa ya fi abin da aka ba shi a hannu. Damuwarka tana da tushe.

Sai dai ka ɗaure abubuwa uku a ƙulli ɗaya: maganar suna, tayin furodusa, da filin gado. Wa'adin ƙarshen wata ne ya sa kake ganinsu kamar abu ɗaya. Zan faɗa maka ra'ayina tun yanzu don kar ka yi ta nemansa a tsakanin layuka. Kar ka sayar da filin nan saboda wannan tayin. Kar kuma ka shiga zango na gaba da oga a kan tsarin da kuke kai yanzu.

Mu fara da furodusan, tunda shi ya sa maka agogo. A al'adar sana'ar, furodusa ke nemo kuɗi, darakta kuma a biya shi ya yi aiki. In aka ce ka kawo rabin kuɗi kuma ba sallama, to ka zama abokin jari, sannan ka ɗora aikinka kyauta a kan jarin. Ka lissafa da kanka: kai rabin kuɗi da duk wahalar lokeshan, shi rabin kuɗi da mallakar tasha. Ban ce mutumin macuci ne ba, kasuwar ce ta koma haka. Kai ganau ne, don ka riski ƙarshen zamanin faifai, lokacin da ake gama fim a kai Ƙofar Wambai 'yan kasuwa su karɓa, kuɗi ya fara dawowa cikin makonni. Satar fasaha da masu tura fim a waya suka kashe wannan kasuwa. Arewa24 ta fara aiki a 2014, ta ƙara saba wa jama'a da bin labari mako-mako, sannan daga wajejen 2020 kusan kowa ya karkata ga dogon zango a YouTube. Kuɗin da a da yake dawowa a dunƙule yanzu ɗigowa yake, shi ya sa furodusoshi ke neman wanda zai raba asara da su in ta zo. Matashin da ke ƙishirwar ganin sunansa a allo kuwa shi ya fi sauƙin cewa to.

Ka fahimci yadda kuɗin nan ke tafiya kafin ka amince da "raba riba". YouTube ba ta san darakta ba, ba ta san wanda ya sayar da fili ba. Mai tasha take biya, ta asusun AdSense, wato asusun karɓar kuɗin talla, da aka haɗa da tashar. Kafin tasha ta fara samun kuɗin talla sai ta tara masu bibiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 cikin wata 12. Daga kuɗin tallar kashi 55 cikin ɗari ne ke zuwa wa mai tasha, ba kuma a turowa sai abin ya kai dala 100. Kallon da aka yi daga Najeriya ko Nijar ba ya kawo abin da kallon Ingila ko Amurka ke kawowa, don haka fitowa za ta iya tara masu kallo masu yawan gaske amma abin da ya shiga asusu bai kai yadda 'yan kallo ke zato ba. Wannan ne ya sa masu dogon zango da yawa suka fi dogara da tallan da ake sakawa a cikin fim ɗin kansa: mai shagon atamfa, mai maganin gargajiya, kamfanin sayar da filaye, makarantar kuɗi. Irin wannan kuɗi daga hannun mai talla zuwa hannun furodusa yake tafiya, ba ya bayyana a kowane shafi na YouTube. To ribar wanne za ku raba?

Saboda haka ka koma wurinsa da tambayoyi, cikin fara'a, ba da fuskar tuhuma ba. Ka zauna kusa da shi ya buɗe maka shafin kuɗi na YouTube Studio a wayarsa, ka ga abin da tashar ta samu cikin wata shida da suka wuce da idonka, ba hoton da za a turo maka ta WhatsApp ba. Ka tambayi wa ke riƙe da imel da lambar sirrin tashar. Rabon zai ci gaba muddin fim ɗin yana kan tasha, ko shekara ɗaya ne? In wata tashar talabijin ta saya, kana da kaso? In fim ɗin ya karɓu aka zo zango na biyu, kai ne darakta ko za a iya kawo wani? Rabin kuɗin da shi zai kawo, tsabar kuɗi ne, ko zai lissafa maka motarsa da ofishinsa ya ce ya cika nasa? Mai gaskiya ba ya jin haushin irin waɗannan tambayoyi. In ya fara cewa "haba, ai mun wuce nan," to ka riga ka samu amsa.

Akwai kuma doka, wadda 'yan fim da yawa ba sa waiwaya sai an ɓata. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta ɗauki wanda ya shirya yin fim a matsayin mai shi, sai in waɗanda suka yi aikin sun rubuta wata yarjejeniya daban a tsakaninsu. Ma'ana in ba takarda, ranar da kuka saɓa doka ta fi karkata ga furodusa, kai kuma sai ka yi ta neman shaidar cewa kuɗin filinka na ciki. Duk abin da za ku yi a rubuta, a sa hannu gaban shaidu, in da hali lauya ya duba. Wanda ya ce rubutu rashin yarda ne, ka tuna masa cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu. Ka kuma tambaye shi ko kasafin ya ƙunshi kuɗin tacewa da izini. Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ba ta ɗauki YouTube a matsayin wajen hurumin ta ba. Ka san abin da ya faru a watan Mayun 2025, da ta dakatar da fina-finai masu dogon zango 22 a lokaci ɗaya saboda ba a kai su tacewa ba, har da manya. In an dakatar da na masu ƙarfi sun iya jurewa, wanda jarinsa gaba ɗaya fili ɗaya ne fa?

Maganar Hajiya ba za ta ɗauke mu lokaci ba, don ni a wannan gaɓa ina bayanta, ko da dalilinmu ya ɗan bambanta. A shari'a filin naka ne, ba wanda zai ce ka ci haƙƙinsa in ka sayar. Ita kuma kallon da take wa harkar fim ba ita kaɗai ke yinsa ba. A jihar nan aka dakatar da harkar a ƙarshen 2000, kuma a 2016 adawar malamai da jama'a ta sa Gwamnatin Tarayya ta fasa gina ƙauyen fim a Kofa ta Ƙaramar Hukumar Bebeji. Ba za ka sauya mata wannan tunani cikin mako biyu ba, kar ma ka gwada. Amma ko da a ce ita ce babbar mai kallon fina-finanka, lissafin bai sauya ba: kana son musanya abin da darajarsa ke hawa kowace shekara, wanda kuma shi kaɗai gare ka, da abin da zai iya ƙarewa a fitowa ta biyar in kuɗi ya yanke. Ka je ka same ta ka ce, "Hajiya na ji maganarki, na bar zancen filin." Daga nan ka gaya mata cewa sana'ar dai ba za ka bari ba, kana neman tsayawa da ƙafarka, kana son ta sa albarka. Uwar da ta ga an bi maganarta a babban abu, da wuya ta hana addu'a a kan sauran.

Yanzu ga inda na fi son ka tsaya, wato oga. A duk wasiƙarka ban ga inda ka ce ka taɓa yi masa maganar sunan nan ba. Zango biyu kana haɗiye abu, har ya kai ka ga tunanin sayar da gado, shi kuwa mai yiwuwa yana can yana ganin komai lafiya. Ka ɗan tsaya a inda yake tsaye. Furodusan da ya ba shi aiki sunansa ya saya, masu talla ma sunansa suka gani suka sa kuɗi, don haka ba lallai ne ya iya cire sunan ya sa naka ba ko da yana so. Kuma wannan "ai ka san abin da nake so" da take maka ciwo, a bakin darakta babbar shaida ce. Ba ya barin jarumai masu tsada da kuɗin mutane a hannun wanda bai yarda da shi ba. Wataƙila a tunaninsa horar da kai yake. Wataƙila kuma ya san sarai abin da yake yi, ya ga yana da sauƙi ne ya yi shiru tunda kai ma ka yi shiru. Ɗan Adam ne. Ba za ka san wanne ne ba sai ka buɗe baki.

A Kantin Kwari, yaron da ya yi shekaru a shago maigidansa yakan yaye shi: ya ba shi jari, ko ya tsaya masa wurin masu ba da kaya, jama'a su shaida cewa da yardarsa ya fita. A harkar fim ba a cika yin haka a fili ba, shi ya sa rabuwar ubangida da yaronsa ke yawan ƙarewa da habaici a Instagram. Abin da za ka nema ke nan, a yaye ka. Ka same shi a gida, ba a lokeshan ba, ba gaban yara ba, a ranar da ba ya cikin gaggawa. Ka tabbata daga bakinka ya fara jin labarin tayin nan, don ka san yadda zance ke yawo a Zoo Road, matattarar 'yan fim a Kano, kafin ka kai gida ya riga ka. Ka fara da godiya ta gaskiya, ka ambaci abubuwan da ya yi maka ɗaya bayan ɗaya, har da lefen. Sannan ka ce masa wani abu kamar haka: "Oga, kai ka koya mini aikin nan, kuma ka ga inda na kai tunda har kana bar mini lokeshan. Ina da iyali, ina son in fara gina sunana, kuma ba na son in yi shi ta bayan idonka. Na zo ka ba ni shawara, ka kuma sa mini hannu." Kar ka shiga lissafin sina-sinan da ka yi shi ba ya nan. Ya san su.

Ka je da buƙata takamaimai, don in ka ce "a duba lamarina" kawai, za a ce za a duba. Nemi a zango na gaba duk fitowar da ka ba da umarninta sunanka ya fito a kanta, nasa kuma ya zauna a sama a matsayin babban darakta mai kula da aikin gaba ɗaya. Wannan ba sabon abu ba ne: a manyan shirye-shiryen talabijin na Amurka da Ingila, fitowa daban-daban daraktoci daban-daban ke yinsu, kowa sunansa a kan tasa. Ta haka furodusa bai rasa sunan da ya saya ba, kai kuma ka samu naka. Nemi sallamar waɗannan fitowar ta tashi daga ta mataimaki. Nemi izinin tsakuro wasu sina-sinai da ka tsara ka haɗa su minti uku ko huɗu, ka riƙa nuna wa masu neman darakta. Nemi kuma ya bar ka ka riƙa karɓar aikin waje tsakanin zango da zango.

In ya amince, ko da da rabi ne, ka samu abin da furodusan can yake son sayar maka da kuɗin fili, a kyauta, kuma a kan fim ɗin da ya riga ya tara masu kallo. In ya ce a ba shi lokaci, ka ba shi, amma ku ambaci lokacin: kafin a fara ɗaukar zango na gaba. In kuma ransa ya ɓaci ya kira ka butulu, zai yi maka ciwo, amma kar ka rama, kar ka rubuta komai a kafar sada zumunta, kar ka ba abokai labarin da za su ƙara masa gishiri. Ka ƙarasa aikin da ke hannunka tsaf, ka miƙa takardu, sannan ka nemi wani dattijo a cikin sana'ar da yake jin nauyinsa, ko daga shugabannin ƙungiyar masu sana'ar fim ta MOPPAN ko na ƙungiyar daraktoci, ya shiga tsakani. Ka ci gaba da zuwa gaisuwar Sallah da duba iyalinsa. Alherin da ya yi maka ana rama shi da girmamawa da riƙon amana, kuma shekara 13 kana yin hakan. Bai zama dalilin da za ka zauna ba suna har tsufa ba.

Zan kuma faɗa maka wata gaskiya da masoyanka ba za su faɗa ba. Abin da ka ƙware a kai shi ne tsakiyar aikin darakta, wato lokeshan. Sin ɗin tankaɗen nan ya nuna kana da ido, don wanda ya gane cewa uwar da ba ta ɗago kai ba ta fi mai ihu ban tsoro, ya fahimci mutane. Amma wa ya zauna da marubuci aka gyara labarin kafin a fita? Wa ya zaɓi 'yan wasa? Wa ya ce a yanke sin goma don kuɗi ba zai kai ba, ya kuma san waɗanda za a yanke labarin bai karye ba? Wa ke zama da edita da mai sauti har dare? Sannan ka tambayi kanka: jarumar da ke zuwa a kan lokaci in ka kira, kai take jin nauyi ko wanda ya aiko ka? Ranar da babban jarumi zai iso ƙarfe biyu alhali an ce tara, rana tana neman faɗuwa, mai gidan da kuka ara yana cewa ku tattara, janareto ya ƙi tashi, ba kuma wani oga da za a buga wa waya, ranar ce za ka san nauyin kujerar. Ba don in karya maka gwiwa na faɗi wannan ba. So nake ka gwada waɗannan ɓangarori a aikin da in ya faɗi ba zai tafi da gidan 'ya'yanka ba.

Hanya mafi araha ita ce gajeren fim. Minti goma zuwa sha biyar, 'yan wasa uku, wuri biyu, ɗauka ta kwana biyu ko uku. Shekara 13 a lokeshan ta ba ka abin da kuɗi ba ya saya: mai kamara, mai fitila da edita da za su yi maka a farashin zumunci, wataƙila ma jarumi ɗaya da zai ba ka yini guda. Kuɗin ya fito daga tari ko adashi, adadin da in ya tafi ba zai taɓa haya da cefane ba. Ka bi shi daga rubutu har tacewa, ka buɗe tasha da sunanka ka sa shi, ka kuma aika shi bukukuwan fina-finai irin su Zuma da Hukumar Fina-finai ta Najeriya ke shiryawa a Abuja, da na Kaduna. Kar kuma ka raina aikin da ba na dogon zango ba. Tallace-tallace, shirye-shiryen gidajen talabijin, da wasannin wayar da kai da ƙungiyoyin lafiya da ilimi ke ɗaukar nauyi, duk suna buƙatar darakta, kuma galibi da takardar yarjejeniya ake yinsu. Irin waɗannan wurare sukan tambayi takardar shaida, don haka in ka samu sarari ka bincika kwasa-kwasan Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa da Kwalejin Talabijin ta NTA, dukansu a Jos. Ba don su koya maka ajiye kamara ba, sai don rubutu, kasafi, da takardar da za ta buɗe maka ofisoshin da ba su san Zoo Road ba.

Sai uwargida. Ka ce ka san ma'anar shirunta, amma ina shakka in ka san dukanta. Mai yiwuwa ba fim take tsoro ba, ginin da aka yi mata alkawari take gani yana tafiya. Mai yiwuwa kuma tana tsoron ta hana ka, gobe ka ce ita ta tare maka arziki. Matar da ta zaɓi shiru a irin wannan hali tana kare aurenta ne, kuma nauyin buɗe zancen yana kanka. Ka zaunar da ita bayan yara sun yi barci, ka fara da gaya mata cewa filin yana nan. Sannan ka faɗa mata gaskiya: zama darakta ba zai rage kwanakin lokeshan ba, a farko ma ƙara su zai yi, don bayan ɗauka akwai zaman edita. Ka tambaye ta me ya fi yi mata nauyi, daɗewar ce, ko rashin sanin ranar dawowa, ko kuɗin cefane da ke yankewa kana can, ko maganganun maƙwabta a kan 'yan mata 'yan fim. Kowanne maganinsa daban. Akwai wanda jadawalin da aka rubuta aka manna a bango zai warware, akwai wanda sai an ware kuɗin wata an damƙa mata kafin ka fita, akwai wanda kiran waya bayan sallar isha kullum ya ishe shi. Game da surutu kuwa, abin da zai kwantar mata da hankali shi ne ta san inda kake da waɗanda kake tare da su, wayarka kuma ba ta zama abin ɓoyo ba. Ku yanke tare cewa daga duk sallamar darakta da ta shigo, wani kaso na bulo ne, ko da ɗari ɗari za a riƙa bugawa. Ku kuma sa wa gwajin lokaci, a ce shekara ɗaya da rabi, ku sake zama ku duba inda aka kwana.

Shi kuma furodusa, kar ka jira ranar ƙarshe. Bayan ka ga oga, ka same shi ka ce ba ka da tsabar kuɗin da za ka zuba, amma ga tayinka: aikinka ne jarinka. A ƙiyasta sallamar darakta ta fitowa 13, a ba ka wani ɓangare a hannu don gida, sauran a mayar da shi kaso a cikin fim ɗin, a rubuce. In kuɗinsa ba zai kai ba, ku ɗauki fitowa biyu kawai da abin da yake da shi, ku haɗa tirela, wato gajeren tallan fim ɗin, ku zagaya wurin masu talla da gidajen talabijin kafin a ci gaba. In da gaske basirarka yake so, zai zauna a tattauna. In ya ce sai dai rabin kuɗi ko a fasa, ka yi masa godiya, ka ce ya riƙe lambarka don wani aikin.

Allah Ya buɗa maka, Ya daidaita tsakaninka da maigidanka. Ka rubuto mini bayan kun zauna da shi, musamman in amsarsa ta zo ta wata fuskar da ban ambata ba.